Kafin Ka Yarda Gas Ya Ƙare: Gyaran Firij da Hannunka

Daga watan Maris zuwa Afrilu, lokacin da zafin Kaduna ke kai wa maƙura, ƙofar shagon mai gyaran firij ba ta rabuwa da jama'a. Wannan ya ɗauko nasa a keke napep tun daga Rigasa, waccan mai sayar da zoɓo da kunun aya ce firizarta ta tsaya, jarinta na neman narkewa. Magana biyu mai firij ya fi ji a irin wannan wuri: ko a ce masa gas ya ƙare, ko a ce kwamfireso, wato injin da ke tura gas, ya ƙone. Duka biyun suna faruwa, kuma kowanne aljihu yana jin sa. Sai dai su ne na ƙarshe da ya kamata a zarga. Kafin a kai kansu akwai rile mai tayar da inji, da obalod mai kare shi, da tamostat mai daidaita sanyi, da robar ƙofa, da hita, da fanka, ƙananan kayan da kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, waɗanda mutum zai iya gwadawa ya canza a tsakar gidansa.

Batun gas kuwa, gara a fahimce shi tun daga farko. Gas ɗin firij ba irin na girki ba ne da ake ƙonawa har tukunya ta koma fanko. Zagayawa yake yi a cikin bututu rufaffe, ya fita daga kwamfireso ya dawo cikinsa, kuma firij yana iya shekara ashirin da gas ɗin da ya fito da shi daga kamfani. In ya ragu, to akwai hujin da ya bi ya fita. Duk wanda ya ɗura maka sabo bai nemo hujin ya toshe ba, kuɗinka ya tafi a banza, domin sabon ma ta nan zai bi.

Kayan aikin ba su da yawa: mita mai nuna lamba wadda ke auna ƙarfin wuta da kuma om, wato wurin da aka zana alamar Ω, sai testa, sukundireba mai faɗin baki da mai baki huɗu, filaya mai dogon baki, tef na lantarki, da tocila. Wayarka ma kayan aiki ce, domin kafin ka zare kowace waya sai ka ɗauki hoton yadda take. Kuma kafin hannunka ya taɓa bayan firij, zare filogi daga bango gaba ɗaya. Kashe makunnin soket bai wadatar ba, saboda a gidaje da yawa an juya wayar wuta da 'yar'uwarta tun wajen haɗin gida, makunni yana kashe amma wuta na nan a cikin firij. Ka tsaya a busasshen wuri da takalmin roba a ƙafarka.

Akwai wata takarda manne a bayan firij ko a cikinsa ta gefe, mutane ba su cika kula ta ba, alhali rabin amsar tana jikinta. Za ta gaya maka ƙarfin wutar da firij ɗin ke so. Namu 220V zuwa 240V ne. Firij da aka shigo da shi daga Amurka 110V zuwa 120V yake ci, in ba a sa masa taransifoma mai rage wuta ba, sokawa ɗaya ya isa ya ƙone shi. Za ta gaya maka irin gas da nauyinsa a giram. Sannan akwai haruffan yanayi: SN da N an yi su ne don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba, ST yana jure 38, T kuma 43. Da yawa daga cikin tokumbon da ke zuwa daga Turai SN ne ko N. Irin wannan firij zai yi sanyi mai kyau da hunturu, amma da bazara a ɗakin kwano sai ya yi ta aiki ba hutu, sanyin kuma bai kai ba. Lafiyarsa ƙalau, ƙasar da aka yi shi dominta ce daban, kuma babu kayan gyaran da za su canza wannan. Abin yi shi ne a matsar da shi wuri mai iska.

Fara daga bango

Firij da ya yi tsit, ko ƙwan ciki bai kama ba, a soket ake fara neman laifinsa. Juya mita zuwa ma'aunin wutar gida ka auna. In wuta na nan, buɗe filogi ka duba fiyus mai amfiya 13 da ke ciki, da ƙusoshin da suka riƙe wayoyi. Filogin da ya yi baƙi ko robarsa ta narke alama ce ta haɗi ya yi sako-sako, a canza shi tare da soket ɗin. Doguwar siririyar wayar da ake ja daga wani ɗaki ita ma tana shanye ƙarfin wuta kafin ta iso.

In mita ta nuna ƙasa da 190V, kwamfireso zai sha wahalar tashi, domin a daidai lokacin tashi yana jan wuta ninki biyar ko shida na abin da yake ci in ya daidaita. Shi ya sa ƙaramin janareto ke nishi in an ɗora masa firiza. Sitabilaiza mai 1000VA tana ɗaukar matsakaicin firij, babbar firiza kuwa gara mai 2000VA. Abin da ya fi kashe firij a garin nan shi ne a ɗauke wuta a dawo da ita nan take, ko a sauya daga NEPA zuwa janareto cikin daƙiƙa kaɗan. A lokacin gas bai gama sauka ba, matsinsa na nan a gaban fistin, kwamfireso ya yunƙura ya kasa. Minti biyar ake ba shi. In sitabilaiza tana da maɓallin jinkiri a kunna shi, in babu a sayi firij-gad a soka tsakanin filogi da soket.

Gurnani, sai ƙas, sai shiru

Wannan ce matsalar da aka fi sayar wa mutane sabon kwamfireso a kanta ba gaira ba dalili, don haka zan daɗe a nan. Kasa kunne a bayan firij. Za ka ji gurnani na 'yan daƙiƙoƙi, sai wani ƙara ƙas, sai shiru na minti biyu zuwa biyar, sai a sake. Jikin kwamfireso ya yi zafi har hannu ba ya iya zama a kai, ciki kuwa babu sanyi. Abin da ke faruwa shi ne injin yana son tashi ya kasa, wuta ta yi masa yawa, obalod ya katse ta don kada waya ta ƙone. Ƙas ɗin da kake ji obalod ne yake aikinsa.

Zare filogi, ka bari injin ya huce kamar rabin awa. A gefen kwamfireso akwai baƙin murfin roba da wani lanƙwasasshen ƙarfe ko ɗan harshe ke riƙe da shi, ɓamɓare shi da sukundireba. A ƙarƙashinsa za ka ga ƙafafu uku na ƙarfe sun fito daga jikin injin a kusurwa uku. Rile yana soke a kan biyu, obalod a kan ta ukun. Ɗauki hoto, sannan ka ja rile kai tsaye zuwa wajenka, kada ka karkata shi ka lanƙwasa ƙafafun.

Rilen da ke yawancin firij na yanzu shi ake kira PTC. A cikinsa akwai wani ɗan faifai mai kama da dutse. In yana da sanyi yana barin wuta ta wuce zuwa naɗin wayar da ke tayar da inji, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu sai ya yi zafi ya tare hanya, injin ya ci gaba da naɗin gudu shi kaɗai. Girgiza shi kusa da kunnenka. In ka ji ɓaraguzai na kacau-kacau, faifan ya farfashe. In yana warin ƙuna ko robarsa ta yi baƙi, shi ke nan. In babu ko ɗaya, sa bakunan mita a ramuka biyun da ƙafafun injin ke shiga. A jikin rilen an rubuta lamba, galibi 12, 15, 22 ko 33, kuma mita ta nuna kusa da ita. Mai 15 zai iya nuna 13 ko 18, ba laifi. In ta nuna OL, wato hanyar wuta ta yanke, ko sifili, ko ɗaruruwa alhali rilen ya huce, ya mutu. Wajen saye ka daidaita om da yawan bakunan da wayoyi ke shiga, domin akwai mai ɗaya, mai biyu, mai uku, har mai huɗu. Mai om 4.7 na firij ɗin 110V ne, kada a ba ka shi don ya yi kama da naka.

Tsofaffin firij da wasu manyan firiza suna da wani irin rile dabam, mai naɗin jar waya a fili. Shi wannan yana da sama da ƙasa, domin nauyin ƙarfen da ke cikinsa ne ke sauko da shi ya katse wuta, in aka kifa shi naɗin tashi zai zauna da wuta har ya ƙone. Ana sayen sa ne da ƙarfin inji: 1/8, 1/6, 1/5, 1/4 ko 1/3 na doki.

Obalod gwajinsa gajere ne. In ya huce mita ta nuna kusan sifili tsakanin bakinsa biyu, in ta nuna OL an gama da shi. Shi ma da ƙarfin inji ake sayen sa. Wanda ya yi ƙanƙanta zai riƙa katse wuta babu dalili, wanda ya yi girma kuma zai zuba ido inji ya ƙone. Ni a ganina duk lokacin da za a canza rile a haɗa da obalod, tun da ya sha bugu kafin a gano matsalar. Abin da ba na so ko kaɗan shi ne a cire obalod a haɗa wurin da guntun waya. Firij zai tashi a ranar, amma daren da wuta ta yi rauni babu mai ceton injin, wani lokaci har gobara.

Tun da ƙafafun uku suna fili, auna injin kansa kafin ka kashe ko sisi. Sunayensu C, S da R, wasu kamfanoni suna rubuta M a madadin R. Auna su bibbiyu, za ka sami lamba uku. Babbar lambar ita ce tsakanin S da R, ƙafar da ba ta shiga wannan awon ba ita ce C. A lafiyayyen inji, ƙananan lambobin biyu in aka haɗa su sai su ba da babbar. Misali ka sami 12 da 18 da 30, to naɗin waya lafiya lau. In wani wuri ya nuna OL waya ta tsinke a ciki, in ya nuna sifili ta narke ta haɗe. Daga nan sai ka kankare ɗan wuri a jikin bututun jan ƙarfe da ke fita daga injin, ka ɗora bakin mita ɗaya a nan, ɗayan a kan kowace ƙafa bi da bi, mita tana kan ma'auni mafi girma. Dole ta nuna OL. In ta nuna wata lamba, wuta na zuba a jikin ƙarfe, kuma irin wannan firij ne ke jan mutum in ya taɓa shi. Kada a sake kunna shi.

Wasu injinan suna da kafasito, ɗan gwangwani fari ko baƙi mai µF 2.5 zuwa 5. Yana riƙe wuta ko bayan an zare filogi, don haka haɗa bakinsa biyu da sukundireba mai hannun roba tukuna. In ya kumbura ko ya tsage a canza shi da mai µF ɗaya da shi, ƙarfin wutarsa kuma 400V ko 450V, kada ya gaza na tsohon. In wuta ta cika, rile da obalod sababbi ne, naɗi ya auna daidai, amma har yanzu gurnani ne da ƙas, to fistin ya cije a ciki. A nan ne maganar sabon kwamfireso ta zama gaskiya.

Firij mai inbata, irin sababbin LG da Samsung da Hisense, bai shiga wannan lissafi ba. Ba shi da rile, fanel, wato allon lantarki, ne ke tuƙa injinsa, kuma a yawancinsu ƙafafun uku lamba ɗaya suke nunawa ta kowane ɓangare. Kada a kuskura a ba irin wannan inji wutar bango kai tsaye da sunan gwaji.

Ƙwai na ci, inji shiru

In ka buɗe ƙofa ƙwai ya kama, amma baya babu gurnani babu ƙas, tamostat ake tuhuma. Yana bayan abin murɗawar nan mai lamba, kuma a tuna babbar lamba ita ce sanyi mai yawa. Yana da siririyar jela ta ƙarfe da ke manne a jikin farantin sanyi, cikinta akwai ɗan gas nasa na kansa. In jelar ta karye gas ɗin ya fita, tamostat ba zai ƙara kunna inji ba. Cire shi, murɗa shi zuwa tsakiya, ka auna bakunansa biyu da ke kai wuta ga inji. A ire-iren na kamfanin Ranco su ne masu lamba 3 da 4. A zafin ɗaki mita ta nuna kusan sifili. Don tabbatarwa, haɗa waɗannan wayoyi biyu ka naɗe da tef, ban da mai launin kore da rawaya, ka soka filogi na minti ɗaya. In inji ya tashi ka gano mai laifi.

Da yawa a nan suke tsayawa, a bar firij a haka a ce an yi masa darek, wai tun da wutar ma ba ta daɗewa. Ranar da wuta ta kwana ta wuni injin ba zai huta ba, tumatir da ƙwai su daskare, kwalba ta fashe, kwanan injin kuma ya ragu. Sabon tamostat ya fi wannan araha. Sai dai na firij dabam, na firiza dabam. A Ranco, K59 na firij mai ƙofa biyu ne, K54 na firiza. In aka sa na firij a firiza ƙanƙara ba za ta yi ƙarfi ba. Auna tsawon jelar tsohon kafin ka tafi kasuwa. Kafin ka zaro ta, naɗa tef a daidai inda ta shiga rami domin sabuwar ta nutse daidai wannan zurfi. Kada a yanke ta, kada a karya ta kwana mai kaifi, in ta yi tsawo a naɗe ragowar a hankali nesa da farantin sanyi. Firij da ba ya tsayawa kuma yana daskarar da komai, sau da yawa jelar ce ta zame daga mazauninta, mayarwa kawai take so.

Robar ƙofa ita ma tana hana inji hutu. Saka takardar kuɗi a bakin ƙofa ka rufe ka ja, ka zagaye kowane gefe da haka. Inda ta zare ba tare da turjiya ba, iska mai zafi na shiga ta nan, kuma da damina za ka ga ƙanƙara ta taru a saitin wurin. Wanke robar da ruwan ɗumi da sabulu, ka gasa inda ta lotse da tsumma mai ruwan zafi kana jan ta waje a hankali, sau da yawa tana dawowa. In ta tsage ko ta bushe ta yi tauri, sai sabuwa. Auna tsawo da faɗi daga kusurwa zuwa kusurwa, ka yanko ɗan guntu ka tafi da shi, domin wata cusa ta ake yi a kwari, wata kuma ƙusoshi ne ke danne ta a ƙarƙashin leɓe. Jiƙa sabuwar a ruwan ɗumi ta miƙe, ka fara sawa daga kusurwoyi huɗu sannan ka bi tsakiya. In ƙofar kanta ta sunkuya saboda nauyin gorunan ruwa, ɗaure ƙusoshin hinji, ka ɗan ɗaga ƙafafun firij na gaba domin ƙofa ta riƙa komawa da kanta.

Sama na sanyi, ƙasa na ɗumi

Wannan ciwon firij ne mai fanka, wanda aka rubuta wa No Frost. Wurin yin sanyinsa guda ɗaya ne, a ɓoye bayan bangon firiza, fanka ce ke hura sanyin zuwa ƙasa. Buɗe firiza ka danne makunnin ƙofa da yatsa. In inji na aiki amma ba ka ji fanka ba, buɗe bangon ka juya ta da hannu. Wadda ta cije ko take kuka an canza ta, a duba jikinta ko mai 220V ce ko mai 12V, domin ba sa maye gurbin juna, kuma kada a juya fuskar fiffiken wajen mayarwa.

In ka buɗe bangon ka tarar ƙanƙara ta toshe bututan fal, to na'urar narkarwa ce ta tsaya. Alamarta a bayyane take: a kashe firij kwana guda ƙofa buɗe, ya dawo garau, bayan mako ɗaya ko biyu ya koma gidan jiya. Abu huɗu ne ke wannan aiki. Taima tana tsayar da inji bayan kowace awa shida zuwa goma sha biyu ta kunna hita na kamar minti ashirin zuwa talatin. Tana da ɗan wurin murɗawa a jikinta. Juya shi a hankali yadda hannun agogo ke tafiya har ka ji ƙas, inji zai tsaya. In hita ta ɗau zafi ƙanƙara ta fara ɗiga, sauran kayan lafiya, taimar ce ba ta juyawa da kanta. Taima kan maƙale a lokacin narkarwa ma, sai firij ya yi shiru kamar tamostat ya mutu, murɗawa ɗaya ta tashe shi.

In hita ba ta yi zafi ba, zare filogi ka auna ta. Lissafin mai sauƙi ne: 220 sau 220 ya ba da 48,400, ka raba da wat ɗin da aka rubuta. Hita mai wat 200 za ta nuna kusan om 242, mai 150 kusan 323. OL na nufin ta tsinke. Sai bayimetal, ɗan dunƙulen da ke maƙale a bututu ta sama. Shi ne ake yawan zubarwa da ransa, domin a zafin ɗaki OL yake nunawa ko da lafiyarsa ƙalau. Sai ya yi sanyi ƙasa da sifili yake haɗa wuta. Saka shi a wata firiza mai aiki na rabin awa, ka auna da sauri, ya nuna kusan sifili. Na huɗu fiyus ne na zafi, galibi an rubuta masa digiri 72. Shi kullum sifili yake nunawa, in ya tsinke ba ya dawowa. Tsinkewarsa na nuna bayimetal bai katse hita a kan lokaci ba, don haka a canza su tare. Kada a haɗa shi da dalma, zafin ƙarfen zai tsinka sabon tun kafin ya fara aiki. Matse shi ake yi da maɗauri, a rufe haɗin yadda ruwa ba zai shiga ba.

Masu fanel ba su da taima, sensa mai jin sanyi suke da ita. Om ɗinta yana hawa in ta yi sanyi, ya sauka in ka riƙe ta a tafin hannu. Wadda ba ta motsi ta mutu. Wata om 2,000 take nunawa a digiri 25, wata 5,000, wata 10,000, saboda haka ta kamfanin firij ɗinka za ka nema.

Ruwa a ƙarƙashin akwatin kayan miya kuwa ramin magudana ne ya toshe da ɓurɓushin abinci. Ɗura ruwan ɗumi da sirinji, ka zura lallausar waya, har ka ji ya sauka a farantin da ke kan inji. In bayan firij ɗinka yana da baƙar raga, ƙurar hunturu tana lulluɓe ta zafi ya kasa fita, a goge ta da busasshen buroshi, a bar tazarar santimita 10 tsakaninta da bango. Wanda ba shi da raga, bututan suna cikin bangon gefe, shi ya sa gefensa ke zafi. Kada a huda wurin don sa kwaɗo.

Wajen saye, tsohon kayan da hoton takardar firij da ta jikin inji su ne jagoranka. Shagunan kayan lantarki na kewayen kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da titin Ahmadu Bello nan ake fara nema, abin da aka daina yi kuma, kamar hinji ko fankar tsohon tokumbo, a leƙa Panteka wurin masu kwance tsofaffin injina. Tafi da mitarka ka auna a gaban mai shago, musamman in na hannu ne. Rile da obalod da fiyus na zafi dai a sayi sababbi.

Inda hannunka zai tsaya

Duk abin da ya shafi buɗe bututu aikin mai gyara ne. Alamar gas ya zube ita ce inji na gudu ba tsayawa, ragar baya ko gefen firij babu ɗumi, ƙanƙara ta kama ɗan lungu ɗaya kawai na farantin sanyi, wani lokaci da danshin mai a wurin wata walda. Toshewar siririn bututu da raunin inji su ma haka suke nunawa, sai da agogon awon matsi ake rarrabe su. Hujin da aka fi gani kuwa wuƙa ce ke yin sa wajen ɓamɓarar ƙanƙara, domin farantin alminiyon ne marar kauri. Uwargida, kwanon ruwan zafi za ki ajiye a ciki ki rufe, ƙanƙara za ta saki da kanta. In tsautsayi ya sa an huda aka ji iska na fita, a zare filogi nan take, a buɗe taga, a liƙe hujin da tef. Barin inji na gudu zai sa ya zuƙi ruwa zuwa cikin mansa, ƙaramin gyara ya zama babba.

Yawancin firij na yanzu R600a suke amfani da shi, ɗan'uwan gas ɗin girki ne kuma yana kamawa da wuta, shi ya sa ake zana harshen wuta a kusurwa uku mai rawaya a jikin inji. Kada a kunna ashana ko wutar walda kusa da shi sai an fitar da shi sarai a wuri mai iska. Na kafinsa R134a ne, tsofaffi sosai kuma R12 wanda aka daina yi. Injin kowanne da irin mansa daban ne, ba a zuba wani a madadin wani.

In ka kai wa mai gyara, ka tsaya ka ga ya nemo hujin da kumfar sabulu ko awon matsi, ya toshe, ya canza diraya, wato ɗan dunƙulen jan ƙarfen da ke gaban siririn bututu, ya zuƙe iska da danshi da injin zuƙa, sannan ya ɗura gas daidai giram ɗin da ke jikin takarda. A firij mai R600a abin da ke ciki duka sau da yawa bai kai giram 100 ba, don haka ɗan ƙari kaɗan yana ɓata aiki. In ka ga ƙanƙara ta biyo bututun da ke komawa inji har waje, gas ya yi yawa. Bayan an dawo da firij gida, musamman in an kwantar da shi a hanya, a bar shi tsaye aƙalla awa huɗu mai ya koma mazauninsa kafin a kunna. Kashegari a sa ma'aunin zafi a kofin ruwa a tsakiyar firij, ya nuna digiri 3 zuwa 5, na firiza kuma 18 ƙasa da sifili.